Yadda Kawu Ɗalha Ya Bi Gari Gida-Gida da Bandiri

Kawu Ɗalha ba ya iya wuce akuya bai tsaya ya dubi bayanta ba. Ko hira ake yi da shi, in ta gifta sai ka ga idonsa ya bi ta, can ya ce, "Waccan ta tsufa," ko kuwa, "Wagga ranar da za a yanka ta a gaya mani." Matan garinsu, Boko, har tsokanarsa suke yi, in sun hango shi su ce a ɓoye awaki ga Ɗalha nan. Shi kuwa naman bai dame shi ba. Fatar yake so, domin da fatar akuya ake rufe bandiri, shi kuma tun kafin a haife ni shi ne mai bandirin garin.

Yayan mahaifiyata ne. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa na dama ya yi kanta, in kun gaisa sai ka ji kamar ka kama ƙasan takalmi. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake. Da rani yakan zauna a zaure yana dukancin da ya gada, ya ɗinka gafaka da kuben wuƙa da takalma, ranar kasuwar Kankia ya kai.

Bandirin ba gado ba ne. A Kano ya samo shi, sa'ad da yake saurayi yana zuwa cin rani yana sayar da ruwa a garwa. Labarin ya ba ni shi ya fi a ƙirga, kuma kullum sai an sami abin da ya ƙaru. Wai wata Alhamis da yamma yana ɗauke da ruwan wata mai tuwo sai ya ji wani sauti daga cikin lungu. Ya bi shi, ya tarar 'yan Ƙadiriyya sun yi da'ira suna zikiri, masu bandiri a tsakiya. Ya aje garwa ya tsaya. Bai tuna da mai tuwo ba sai da aka kira magariba.

"Ta zage ni tas," in ji shi, "ta haɗa har da Katsinawa baki ɗaya. Na ce Hajiya ƙara, yau ni na ci riba."

Ba su ba shi bandiri ya buga ba sai da ya yi rani biyu yana gasa masu. Bandiri in ya sha sanyi fatarsa takan saki, sai an kanga shi ga wuta, ana juyawa ana shafawa da tafin hannu, kafin muryarsa ta tashi. Wannan aikin aka bar masa, yana tsugune gaban wutar kara yana sauraren manya. Da ya dawo gida da nasa a cikin buhu, kakana ya dube shi ya ce, "Mu fata muka gada, ba mu gaji kiɗa ba." Kawu ya ce ai ba kiɗa ba ne, ambaton Allah ne. Tsohon ya koma kan ɗinkinsa. Amma mahaifiyata ta ce ba a daɗe ba shi da kansa yake zaɓar masa fata a wurin mahauta.

Haka da'irar Alhamis ta kafu a ƙofar gidansa, daga la'asar zuwa magariba. Manoma ne da masu facin taya da mai shayi, sai yara a gefe suna kwaikwayon rangajin manya. Da wasu samari suka fara cewa bidi'a ce, bai yi musu da kowa ba. Ya ce, "Ku je ku yi naku, in mun haɗu can a tambaye mu." Ranar da ta fi kowace girma a wurinsa ita ce ta maulidin Shehu Abdulƙadir, a watan da ke bin na maulidin Annabi. Ranar har daga Tafashiya da Rimaye akan zo, matarsa ta tuƙa tuwon da zai ishi kowa.

Cikin duk waɗanda ya koya wa, Harisu ya fi hannu. Shi ke riƙe ƙaramin bandiri, wanda ke shiga tsakanin bugun babba kamar zare cikin saƙa. Shi ya auri Salma, 'yar Kawu ta fari, taubashiyata. In an ce Kawu ya ba ɗalibinsa 'ya, sai ya ce, "Ni ban ba shi ba. Ita ta leƙo ta katanga ta ɗauka."

Ina Indiya ina karatun haɗa magunguna aka kashe Harisu. Ɓarayin daji ne suka zo korar shanu, suka same shi a gona da shanun huɗa. A waya aka gaya mini. Daga ranar da'irar Alhamis ta tsaya. Ba wanda ya hana, mutane ne kawai suka daina taruwa in rana ta yi sanyi.

Ni ma da na dawo ban tsira ba. An tare motarmu a hanya, na kwana a cikin wata gonar dawa da ban san mai ita ba. Ba zan faɗi abin da na gani ba, wannan rubutun na Kawu ne. Abin da ya kamata a sani shi ne, tun daga ranar ko ƙyaure aka buga da ƙarfi sai jikina ya ɗauki rawa. Mahaifiyata ta gaji da ganina a ɗaki a Kankia, ta ce in tafi Boko wurin yayanta in taya shi girbin gero.

Na tarar 'yan sintiri sun rataye wani shuɗin duron roba a jikin bishiyar dogon yaron da ke bakin gari. Ƙa'idar ita ce, in an ga abin da ba a yarda da shi ba, a buga duron sau uku a jere, a ɗan tsaya, a sake. Kowa ya san abin da zai yi in ya ji: mata da yara su faɗa cikin dawa, maza su fito da abin da suke da shi. Wani magidanci mai suna Ashiru, wanda dā yana cikin da'irar Kawu, shi ke kula da duron.

Watan Shehu yana matsowa. Wata rana da hantsi Kawu ya ciro babban bandirinsa, wanda yake kira uwa, daga cikin buhun da ya shekara a ciki. An kwana ana ruwa, fatar ta sha danshi ta saki. Mai bandiri kuwa in ya ɗauki bandiri, kafin ya kai shi ga wuta sai ya gwada ya ji iyakar sakin da ya yi: bugu uku a tsakiya, ya kara kunne, ya sake. Haka aka koya masa a Kano, haka ya yi duk rayuwarsa. Hannunsa ne ya yi, shi bai ma sani ba.

Bandiri mai sanyi ba shi da zaƙi. Muryarsa a ƙasa take, a toshe, kamar an bugi duro.

Ni dai ban san sa'ad da na shige ƙarƙashin rumbu ba, sai ganina na yi a kwance tsakanin kaji. A waje gari ya kaɗe. Nagoggo, Bafulatanar da ke kawo mana nono kowace safiya, ta saki ƙwaryarta a tsakiyar hanya. Okon mai kemis ya ja ƙofar shagonsa ya rufe har da wata mai sayen maganin tari a ciki. Malamai suka saki 'yan makaranta. Wata tsohuwa ta gurɗe ƙafa a kunyar wake. Ashiru ya sheƙa bakin gari ya ga wanda ya taɓa masa duro, ya tarar da shi yana rataye, ba kowa sai tunkiya a ƙarƙashi.

Da ƙura ta lafa, Mai unguwa Babba ya aiko a kira Kawu. Na raka shi. Su biyun tare aka yi masu kaciya, amma ranar Mai unguwa bai nuna masa tabarma ba.

"Ɗalha, da girmanka?"

"Ranka shi daɗe, hannu ne."

"To a ɗaure hannun. Tsohuwa ta gurɗe, ɗiyan makaranta har yanzu ana kiran wasu cikin dawa. Daga yau kada in sake jin bandiri a garin ga sai Allah ya kawo lafiya."

"Watan Shehu fa?"

"Shehu ya san halin da muke ciki."

Kawu ya yi sallama ya fito. Daga can gidan tsohuwar ya wuce ya duba ƙafarta, ta zage shi, ya ce ya cancanta. Ya dawo ya mayar da uwa cikin buhu, ya ɗaure bakin.

A kwanakin da suka biyo baya na ga abin da ban taɓa gani ba a wurinsa. Yana zaune sai yatsunsa su fara bugun gwiwarsa, ya farga, ya tura hannun ƙarƙashin cinya ya danne. Matarsa ta ce mini tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya bar tuwo a kwano ba sai yanzu. Bai faɗa ba, amma na san abin da ke ransa. Ya haura saba'in, hannunsa na hagu da ke riƙe bandiri ya fara rawa, lafiyar da Mai unguwa ke jira kuwa ba wanda ya san ranar zuwanta. Bara an rasa maulidin saboda makoki. In na bana ma ya wuce shiru, ba lalle ya sake buga wani ba.

Wata rana muna hutawa a gindin gawo bayan mun ɗaure damman gero, na rasa abin da zan ce masa, sai na ciro waya na nuna masa wani bidiyo da na ɗauka a Indiya.

A jihar Gujarat na yi karatu. Wani abokin karatuna ya taɓa ce mini akwai wani ƙauye kusa da dajin zakuna da in na je zan ɗauka gida na koma. Muka je. Mutanen baƙaƙe ne kamar mu, gashinsu irin namu, ana kiransu Siddi. Kakanninsu daga Afirka aka kai su shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wasu bayi, wasu sojoji, wasu 'yan kasuwa. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana ta yi mini yaren Gujarat, ta ɗauka ɗan wata 'yar'uwarta ne. Musulmi ne, kuma suna da waliyyansu da suke ziyarta. A harabar hubbaren ɗaya daga ciki na ɗauki bidiyon, ranar da suke yin abin da suke kira damal.

Kawu ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa.

"Wanga ina ne? Zariya?"

"Indiya ce, Kawu."

"Kai, Abdulbaƙi, ji tsoron Allah. Indiyawan da na sani masu gashi ne har gadon baya."

Sai aka fara bugu. Wata doguwar ganga ce mai ƙafafu, tana tsaye a ƙasa ta kai ƙugun mai buga ta, an turara ta da lubban kafin a taɓa ta. Ƙananan ganguna suna shiga tsakani, mata suna kaɗa wasu ƙwaryar kwakwa masu tsakuwa a ciki. Mutum ɗaya yana bayarwa, jama'a suna amsawa. Sannu a hankali bugun ya yi ta sauri, maza suka shiga fili ɗaya bayan ɗaya, suna duƙawa, suna tsalle, wani yana tafiya kamar tsuntsu.

"Wancan tsallen na 'yan tauri ne," in ji Kawu. "Ba ruwanmu da shi. Amma mayar da shi baya. Ji mai ƙaramar can, ji inda yake shiga." Na mayar. Ya sake cewa in mayar. "Mi suke cewa?"

Na ce suna ambaton Allah da Annabi da waliyyinsu Baba Gor. Akwai kuma wasu kalmomi a cikin waƙoƙin da su kansu ba su san ma'anarsu ba, sun dai ce na kakanni ne, daga can aka zo da su. Na ce har wani dattijo ya gaya mini wai kakansu daga Kano ya taso, ya bi ta Makka. Ban san gaskiyar wannan ba.

"In Bakano ne kasuwa ta kai shi," in ji Kawu. Ya yi dariya, ta farko tun ranar duro. Sannan ya ce, "Harshe ya ɓace masu, ƙasa ta ɓace masu, fata ba ta ɓace ba. Ikon Allah."

A ƙarshen bidiyon akwai wani tsoho da na ɗauka a bakin wata ƙofa, riƙe da wani abu kamar baka, an ɗaura masa ƙoƙo, yana bugun tsirkiyar da ɗan tsinke. Kawu ya tambayi shi kuma mene ne nasa. Na ce shi ba ya jiran taro, gida-gida yake bi, ya tsaya a ƙofa ya yi yabon waliyyi a hankali, a ba shi sadaka ya wuce.

"Gida-gida?"

"Gida-gida."

Ya miƙo mini wayar, ya tashi ya ɗauki dami.

Washegari ya sa farar rigarsa ya ce in zo mu je wurin Mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, ka ce kada ka ji bandiri a gari. Ban zo in karya maganarka ba. Kunnen mutane ne ya lalace, ni na ƙara lalata shi, ka bar ni in gyara. Zan bi gidaje da rana tsaka, in shiga da sallama, in buga masu duro su ji, in gasa bandiri a gabansu in buga su ji. A hankali, yadda maƙwabci ba zai firgita ba."

Mai unguwa ya dube shi. "Kai dai tun muna yara ba ka da sauƙi. To ji sharaɗi. Mai shela zai fara sanar da gari. In ka gama, kowane gida ya yarda, ka yi maulidinka. In gida ɗaya ya ce a'a, ko da na tsohuwa ce mai ɗaki ɗaya, magana ta mutu."

"Na ji."

"Kuma ka fara da gidana, uwargida har yau ba ta yi mani magana a kan takalminta da ta yar."

Duron bakin gari ba ya sauka daga inda yake, sai muka ari na ruwan Okon, irinsu ɗaya. Da muka je aro ya ce, "Baba, ni a coci da ganga na tashi, ba ni za ka roƙa ba. Ka dai riƙa gaya mini kafin ka fara, in riƙe kwalabena." Ashiru ya ɗauki duro a kafaɗa, Kawu ya rungumi buhu, ni aka ba ni kaskon garwashi.

A kowane gida abu ɗaya yake yi. Matar Kawu da ke tare da mu ta shiga ta nemi izini, mata su yafa mayafi su taru a tsakar gida, mai gida ya tsaya a gefe. Ashiru ya taɓa duro da tafin hannu, sau uku. Ko da yake an gaya masu, sai ka ga wata ta dafe ƙirji, wata ta jawo ɗanta. Sai Kawu ya tsuguna gaban kasko ya kanga uwa ga wuta, yana juyawa, yana shafawa, yana tambayar lafiyar yara da yadda gero ya yi. Ba ya sauri. In fatar ta ɗaure sai ya ɗaga, ya buga a gefe, sautin ya fito a buɗe yana amo, ya ɗora da La'ilaha illallah can ƙasa-ƙasa.

"Kun ji? Wancan na gudu ne. Wanga na zama ne. Kuma na ɗaukar maku alkawari, ba ni sake taɓa shi da sanyi."

Wasu gidajen sukan ce ya ƙara. A wani gida wata amarya da aka kawo daga nesa ta ce ita duka biyun ɗaya take ji, sai da ya koma washegari ya sake mata. A gidajen samarin da ke cewa bidi'a ce ma ya shiga. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi har gobe bai yarda da abin ba, amma ba zai zama shi ya hana tsoho ba. Ni kuwa kwanakin farko garwashi har zuba yake yi saboda rawar hannuna. Daga baya na gane in ina kallon tafinsa sa'ad da yake saukowa, abin yana zuwa mini da sauƙi. Sai na riƙa tsugunawa dab da shi.

Da muka gama cikin gari Kawu ya ce saura ruga. Ashiru ya aje duro.

"Malam, ruga kuma? A wannan zamanin?"

"Ranar da na yi ɓarna sun gudu ko ba su gudu ba?"

"Sun gudu."

"To ɗauki duro."

Nagoggo tana hango mu ta fara tafa hannu. "Ga Kaɗo mai zubar da nono! Yau kuma mi za ka fasa mani?" Mijinta Bubayero ya shimfiɗa mana tabarma. Shi ma shanunsa na cikin waɗanda aka kora ranar da aka kashe Harisu, abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Da Kawu ya gama, Nagoggo ta ce ba ta yarda ba tukuna, kunnenta na da nauyi, ya sake. Ya sake. Ta ce ya ƙara. Sai da ya yi gumi sannan ta ce ta yarda, ta kawo mana fura, ta ba Ashiru ludayin da ya fi girma.

Gida ɗaya ya rage, kuma duk mun san shi. Sau da yawa mun bi ta ƙofarsa Kawu ya ce rana ta yi, a bari sai gobe. Salma ba ta koma gidan mahaifinta ba bayan takaba, ta zauna a ɗakinta tana kula da surukarta, tana ƙuli-ƙuli tana riƙe 'ya'yanta. Mun same ta tana matsar tunkuza, hannunta duk mai.

"Sannu da zuwa Baba. A'a, har da Ɗan Indiya? Karatun ke nan, ɗaukar kasko?"

Na ce ai digirin wuta na yi. Ta yi murmushi. Amma da Kawu ya kwance bakin buhu sai ta daina matsa.

"Baba, kada ka gasa shi."

"Ji kawai za ki yi, ɗiyata."

"Na san bambancinsu. A cikinsa na tashi." Ta goge hannu da zaninta. "Ni ba duro nake ji ba in an buga."

Ashiru ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya mayar da uwa cikin buhu, ya ɗaure bakin a hankali, ya ɗauki ƙuli ɗaya a faranti ya ce gishirin ya yi daidai. Muka fito.

Da kansa ya je ya gaya wa Mai unguwa gida ɗaya bai yarda ba. Bai faɗi wanne ba, Mai unguwa kuma bai tambaya ba.

"Ɗalha, gidan ɗiyarka ai gidanka ne. Wannan ba ya cikin sharaɗi."

"Kai ka ce ko na tsohuwa mai ɗaki ɗaya."

"Ni na faɗa, ni na janye."

"Ni ban janye ba. Bana da baki za mu yi."

Ya mayar wa Okon duronsa. Ya aika Tafashiya da Rimaye cewa maulidi yana nan, amma kada kowa ya zo da bandiri.

Ana jibi maulidi, da la'asar, sai ga Salma ta shigo da goyo. Ta gaida mahaifiyarta, ta gaida Kawu, sannan ta juyo wurina.

"Ɗan Indiya, ka iya mashin, ko giwa kawai kuke hawa can?"

Na ce na iya.

"To jibi za ka kai ni Kankia. Na kwana biyu ban ga Goggo ba." Goggon tata ita ce mahaifiyata. Ta dubi ƙasa ta ce, "Baba, in na tafi gidan ba mai cewa a'a. Surukata ta ce ita tana so ta ji."

Kawu ya aje takalmin da yake ɗinki. "Ba ni korar ki daga ɗakinki saboda fatar akuya."

"Ba kai ka kore ni ba, ziyara za ni."

"Salma."

"Baba, ba ni iya ji, wannan gaskiya ce. Amma tun ranar da kuka fita ba ni barci. In aka ce bandiri ya mutu a garin ga, a ce a gidan wa ya mutu? A gidan Harisu?"

Tun rasuwar ban taɓa jin ta kira sunansa ba, dā ma ba ta kira. Kawu ya ɗauki takalmin ya sake ajewa. Can ya ce wa matarsa a ƙara dawa a kai niƙa, ya ce mini in je in gaya wa Mai unguwa, in biya in gaya wa mai shela.

Ranar maulidi bayan azahar muka tashi. Mun bar baƙi suna ta isowa, an share ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, Kawu yana tsugune gaban wutar kara da bandirai a jingine kewaye da shi. Ya ce ba zai taɓa ko ɗaya ba sai ya tabbata mun yi nisa. Salma ta hau bayana da goyonta, manyan yaran ta bar su wurin kakarsu.

Hanyar ta ɓaci da ruwan bana, ga yashi, ni kuma ba na son gudu. Ina tafe ina duba kowane duhun dawa. Mun wuce gonakin gari mun hau wani ɗan tudu sai na ji ta taɓa kafaɗata.

"Tsaya."

Na taka birki. Na tambaye ta abin da ta gani.

"Ba komi. Kashe mashin."

Na kashe. Da farko ba abin da na ji sai ganyen dawa. Sannan iska ta kawo shi, can nesa, siriri, yana zuwa yana ɓacewa. Kawu ya jira iyakar abin da zai iya, mu ne ba mu yi sauri ba. Na riƙe kan mashin da hannu biyu. A gonar da ke gefenmu wani mutum yana roron wake, ya ɗaga kai ya saurara, ya sake duƙawa.

Ban waiwaya na dube ta ba. Mun daɗe a haka, har yarinyar da ke bayanta ta fara ƙananan kuka.

"Wa ya riƙe ƙaramin bandirin?" in ji ta.

"Ashiru."

Ta ƙara saurarawa.

"Yana riga Baba shiga. In ka koma ka gaya mashi ya riƙa jira." Ta gyara goyo. "Tada mashin, kada la'asar ta same mu a hanya."